Katin Cindo

A ƙasan adakar kakana Cindo,
ƙarƙashin layu da tsohon awarwaron matarsa,
na iske wani kati da gara ta ci gefensa.
Babu sa hannu, sai dangwalen babban yatsa,
shuɗin tawadar ya koma toka.

Lebura ne a tashar Malam Madori,
mai ɗaure ƙusar dogo, mai sauya katako,
zamanin da buhun gyaɗa ke hawa kan ɗan'uwansa
har dalar ta tsere wa rimi.
Ya ce shekarar da yaƙin Turawa ke ƙarewa
mudun gero ya haura, sulensu bai motsa ba.
Sai magana ta biyo waya daga Ikko:
a ajiye guduma.
Kwana arba'in da 'yan kai jirgi bai yi kuka ba.
Zabi suka yi ƙwai tsakanin ƙarafa.
Ladidi mai fura ta riƙa ba su bashi,
tana zana lissafi da gawayi a jikin katanga.
Ta ce, in kun ci ku biya,
in kun faɗi, mun faɗi tare.
A nan Cindo ya gane
Bature ma yakan rasa barci
in talaka ya naɗe hannu.

Can baya aka ɗaure ƙungiyoyin dami guda:
masu allura, masu alli,
direbobin tanka, masu sharar ofis.
Soja ya kwance damin ya ɗora kantoma.
Ya tafi, wani ya zo, ya sake kwancewa.
Ya manta gero ne:
watsa shi shuka ce.

Yau ni ke riƙe da alli
a firamaren ƙauyenmu, yamma da tasha,
yara tamanin, benci tara.
Duk wata ana gutsurar albashina
tun bai iso tafin hannuna ba,
kuɗin ƙungiya.
Ba na ƙorafi.
Na san wanda ya tsaya a ƙofar gwamnati
har aka ƙara min abin da nake auno masara da shi.

Da fetur ya tashi, rediyo ya ce a zauna gida.
Na sa wa aji kwaɗo.
Da yamma Nomau maƙwabcina ya dawo daga fadama,
injin ban-ruwa a bayan keke, galan ba ko ɗigo.
Ya ce, Malama, ku kun yi yaji, za a biko ku.
Ni wa zan yi wa yaji?
Albasa ba ta jin rediyo.
In na jingine fartanya
da ciyawa zan zauna teburin sulhu.

Dare na uku, muna barci,
aka sa hannu a wani ɗaki mai sanyi a Abuja.
Daga hamsin da aka ƙara aka sauke goma.
Muka yi tafi, tafin wanda aka mayar wa takalmi ƙafa ɗaya.
Wani da ya dishe yana mana ihu a kan mota,
bara na ga fuskarsa a jikin fastar takara,
kumatu sun ciko.

Ba zan tofa yawu a rijiyar da ta shayar da ni ba.
Amma guga yana da ikon cewa ruwa ya ja ƙasa.

Ranar Litinin na cire kwaɗo.
Na rubuta a allo: Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa.
Ɗanliti, ɗan Nomau, ya ɗaga hannu,
kanta duk ta cinye tafinsa.
Ya ce, Malama, jiya ni da Baba
mun yi ƙwadago a gonar Alhaji Barmo,
tun hantsi har la'asar.
Mu ma muna ciki?

Allin ya karye a hannuna.

Da daddare na ciro katin,
na ɗora yatsana a kan na Cindo.
Nasa ya fi nawa faɗi.
Akwai sauran wuri a gefe.