Jana'izar Faifai

Ƙarfe uku na dare a Luleå.
A watan nan rana leƙowa kawai take yi ta koma,
kogi ya daskare har ana taka bayansa da ƙafa.
Ylva Keskitalo ta ajiye kofin gahawa:
fitila ɗaya a layi na tara ta rikiɗe ja.

Ƙofa uku ce tsakaninta da fitilar.
Ta fari kati take so.
Ta biyu yatsa, tsirara, ban da safar hannu.
Ta uku kejin gilashi ce mai haɗiye mutum ɗai-ɗai,
sai ta auna nauyinka kafin ta furzar da kai ciki.
Shekara shida, ba wadda ta taɓa ce mata sannu da zuwa.
Ita ma haka ta fi so.
Ƙofar da ta saba da fuska
ita ɓarawo ke kwana yana addu'ar samu.

Ciki fankoki na huci ba hutawa,
sanyin waje ake jawowa a yi wa ƙarfe fifita.

Wani asibiti can kudu ya ɗauka rumbu guda gare shi.
Kamfanin jiragen ruwa ma haka,
haka ofishin 'yan fansho.
Kowa na ganin ɗakinsa, da kwaɗonsa, da sunansa a ƙofa,
alhali ɗakin zane ne a kan allo.
Hoton huhun wata tsohuwa an marmashe shi,
ɓarɓashi nan, ɓarɓashi can,
wani ma yana wani gari da ba ta taɓa zuwa ba,
kafaɗa da kafaɗa da lissafin kifin bara.
Kwano ɗaya suke ci,
an hana su sanin sunan juna.

Kafin ta iso gaban mamacin
'yan'uwansa sun riga sun raba gado.
Ba kuka, ba ƙara gaban alƙali.
Abin da ya riƙe sun haddace shi tun yana da rai,
asibiti bai ko farka ba.

Ta zare shi. Da sauran ɗumi a jikinsa,
bai fi littafin aljihu ba.

Doka ta ce ba a binne shi da shaida ɗaya.
Edvin Niemi ya fito yana hamma,
ya karanta lambar, ta maimaita,
ya sa hannu, ta sa hannu.
Ya ce, "An kulle abin da ke ciki,
mabuɗin kuma an kashe shi tun ɗazu.
Ko an tsince shi a bola, surutun banza za a gani.
Niƙan na mene ne?"

Ta ce, "Babana igiya biyu yake ɗaure kwale-kwale.
Shekara arba'in ta farkon ba ta taɓa tsinkewa ba."
"To ka gani." "To ka gani," in ji ta.

Injin ya karɓa, ya yi gurnani, ya tauna.
Abin da ya zubo ƙasa kamar ƙaiƙayin ƙarfe,
gawar da ba za ta yi magana a bakin kowa ba.

Da za ta koma ta tsaya a layi na tara.
Mahaifiyarta ta yi hoton ƙirji ranar Talata,
a can kudu, a asibitin nan.
Likita ya ce a jira mako biyu.
Amsar na nan, wataƙila taku huɗu daga takalminta,
a bayan wata koriyar fitila mai ƙiftawa.
Ita ta gina katangar da hannunta,
ita ta tabbatar ba ta bar wa kanta taga ba.

Ta ɗora tafinta a kan ƙarfen ɗan lokaci.
Sannan ta sa sabon faifai a gurbin,
ta rubuta: uku da minti arba'in da ɗaya, an gama.
Gahawar ta huce. Ta shanye ta a haka.