Nauyi

Litinin, buron lanho na Tawa,
fanka na juyawa kamar an tilasta mata.
Na tura takarduna ta ƴar taga.
Nomau ne a ciki, yaron da na sani
tun yana tallar ƙanƙara a bakin tasha,
yau ga tabarau, ga biro uku a aljihu.
Ya ce, Baba Kadri, mutum nawa ke bisa wuyanka?

Na ce, na gida ko na dangi?
Ya ce, na takarda.

Takarda huɗu ta sani.
Ba ta san Gwaggo Bibata ba,
mai ciwon gwiwa a ɗakin baya,
ba ta san ƴaƴan ƙanena ba,
wanda ya tafi Abijan, damina bakwai
ko goro bai aiko ba.
To, huɗu.

Ya aza jan biro bisa layin farko:
wannan ta girma,
ba ta shiga lissafi sai da shaidar jami'a.

Ga shaida.
Daga Yamai ta taso a aljihun yaron mota,
ta sha gumi, kusurwa ta lanƙwashe,
amma hatimi biyu na nan, shuɗi da shuɗi.
Shekara ta uku. Ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa.
Ni da nake bin gidaje da ƙafa
ina karanta ma'aunin famfo,
ni na haifi mai sauraron ruwa ƙarƙashin dutsen Adar.

Ya ce, faɗi sunanta in gwada da na nan.

Na dubi fanka.
Shekara ashirin da biyu bakina bai ɗauke shi ba.
Ƴar fari ce, kuma sunan tsohuwata gare ta.
A gida, Ke.
A waya, Kina lafiya?
Gaban mutane, Ta Yamai.
Na sa yatsa bisa layin, na danna
kamar mai tsaida jini.

Nomau bai gane ba, ko ya gane ya ƙi.
Ya ɗaga murya: Tsahara Kadri!
Duk layi ya ji,
har mai gadi ya waiwayo
kamar za ta shigo.

Sai injin lissafi, ƙit, ƙit, ƙit.
Za a rage maka jikka biyu da rabi a wata.

Jikka biyu da rabi.
Ɗakin haya a Harobanda, su uku, katifa biyu.
Fotokofin littafin da ba a samu a kasuwa.
Kuɗin ƙetare gada, tafiya da dawowa.
Bursu mai halin ruwan bazara,
a ga hadari, a sha iska.
Ban ce masa komai ba.
Wanda aka sauke wa tsinke daga dami
ba ya cewa a mayar.

Na sa hannu inda ya nuna.
A saman shafin an rubuta da Faransanci,
ya fassara mini: waɗanda suke nauyi gare ka.
Nauyi, in ji gwamnati.
Gaskiya ne, ina jin nauyinta,
sai dai ba irin wanda ake aunawa a buro ba.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara.
Baba, takardar ta isa?
Ta isa.
Sun rage?
Sun rage.
Nawa?
Na ce, da dama.
Ta yi dariyar uwarta, ta ce,
bari in gama, ni zan rubuta ka a tawa takardar,
layin farko.

Na ce, katinki zai ƙare, je ki kwanta.

Wata shekara Nomau zai ja jan biro,
layin ya tafi ke nan, huɗu su koma uku,
lanho ya dawo da tsinkensa.
Da safe na buɗe murfin ma'auni
a gidan farko na unguwar Wadata.
Allura na tafiya a hankali,
wani na cika tulu a ciki.
Na tsaya ina kallo,
na manta ban rubuta lambar ba.