Injin Iskar Luba

Malam Sidi ya ce ran Litinin kowa ya zo da injin iska.
Luba ta shigo da zancen, ko takalmi ba ta cire ba.
Na ce, ɗiyata, ni ɗan kabu-kabu ne,
iskar da na sani ita ce ta cikin taya.

Ba ta tsaya jin ta bakina ba.
Ta zare kara uku daga dannin Inno,
ta zazzage ƙusoshina a ƙasa don tana son gwangwanin,
sifok guda ta roƙo wurin Mu'azu mai faci,
murfin lemo biyu ta huda da ƙusa mai zafi.
Kwalin shayi ta yanka gida huɗu,
uwarta na can tana cigiyar almakashi har la'asar.
Ƙaro ta jiƙa a murfin kwano, shi ne gam ɗinta.

Ran Asabar abu ya tsaya da ƙafarsa a tsakar gida.
Amma bazara ce, kuma Sakkwato ce,
ko ganyen dogon yaro ya ƙi motsi.
Ta hura, ta hura, har kumatu suka yi tsami.
Inno ta kawo mahuci ta yi ta kaɗawa tana dariya.
Shiru kake ji.
Luba ta juya mana baya, wai ƙwaro ne ya faɗa mata a ido.

Da dare babu wuta,
tana kwance rigingine a kan tabarma
tana kallon fankar da ta mutu tun azumi.
Sai na ji, Baba, haska min nan.
Duba hannuwanta, ba a miƙe suke ba,
kowane a karkace yake.
Na riƙe fitilar waya,
ta bi fukafukan kwali ɗaya bayan ɗaya tana murɗawa kaɗan,
harshe a waje, gumi na ɗiga a haɓa.

Litinin na ɗora ta a baya, injin a kan cinya.
Muna fita Runjin Sambo na ji wani fir-fir kusa da kunnena.
Na leƙa madubi.
Fukafukai huɗu sun zama faifai guda,
bayansa kuma haƙoran Luba, duka a waje.
Wani mai lodin albasa ya yi mana oda sau biyu.

A aji, in ji ta, iska ba ta zo ba.
Malam ya taɓa shi da biro, ya juya rabi ya tsaya.
Shida cikin goma.

Da na je ɗaukarta ina ta shirya kalmar lallashi,
ta hau, ta gyara zama, ta ɗaga shi sama da kaina.
Baba, bi ta Gawon Nama,
hanyar can ta fi nisa.

Man da ke tanki bai kai lita ba.
Na bi.