Takalma Biyu

Tun kiran assalatu nake barin Ambursa,
jaka a hammata, sanyin fadama a wuya,
ina jiran motar Dan Tani mai ƙofa ɗaure da igiya.
Huɗu a baya, biyu a gaba,
da buhun albasa da ba ya biyan kuɗin kujera.

Takwas saura kwata, Birnin Kabi.
Ƙarƙashin teburina baƙin sau-ciki ke kwana;
in tuɓe na roba mai busasshiyar laka,
in tura shi lungu kamar ɗan'uwan da ake jin kunya.
Daga nan sai jinin mutane cikin kwalabe,
sai lamba, sai hatimi, sai fanka mai kukan tsohuwa.
Shekara tara ke nan, Saini mutumin Gaya,
har yau in lissafi ya rikice
da Zabarmanci nake warware shi a zuci,
in faɗi amsar da Hausa.

Abokan aiki sun gaji da ba ni shawara.
"Kama ɗaki a Gesse mana, ka huta da hanya,
kuɗin mota ya cinye rabin albashi."
Na ce to.
Baƙo ba ya rasa to a bakinsa.

Ba su ga abin da nake gani in rana ta sunkuya ba,
mota ta zubar da ni, na ratsa gonar Manu,
na naɗe wando har gwiwa.
Kwalekwalen da na saya hannun wani Basarke
yana nan ɗaure, ya sha ruwa kaɗan, na kwalfe da ƙoƙo.
Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya bai tambaye ni takardar zama ba.
Kirinjijiya ta wuce bisa kaina, tana fito.
In jefa birgi ya buɗe kamar faifai,
wata rana karfasa uku, wata rana ciyawa da haƙuri.

Gambi, 'yata, a nan aka yanke mata cibi.
Ita ke riƙe gora, ita ke gyara mini harshe:
"Baba, ba haka a ka hwaɗi ba."
Ba ta taɓa ganin babban kogin garinmu ba
sai a hoton waya mai tsagaggen gilashi.
Na ce mata wannan ruwan da ke lasar ƙafarki
zai gangara, ya gangara,
can ƙasa ya tarar da wanda ya wanke kakarki.
Ba kwastan, ba shinge, ba mai cewa buɗe jaka.
Ta ce, "To mu mi muka jira?"
Na yi kamar ƙugiya ta maƙale.

Ran Laraba shugaba ya kira ni, ya rufe ƙofa.
Ƙarin girma, da gida kusa da asibiti,
famfo a tsakar gida, wuta ba ta cika ɗaukewa ba.
Sharaɗi ɗaya: Asabar ma tasu ce,
dare ma, in waya ta yi ƙara.
Bibata ta ji, ta yi shiru tana tsince shinkafa,
sannan ta ce kuɗin makaranta ba ya cin ƙugiya.
Gaskiya ta faɗa. Ita ma ta bar nata a ƙetare.

Ya ba ni mako guda.
Yau Lahadi, takardar na aljihun riga,
rigar na rataye a reshen gawo,
ni kuwa ruwa ya kai mini ƙugu.
Wani abu mai nauyi yana jan zaren a hankali,
ban sani ba tarwaɗa ce ko saiwa.
Gambi ta riƙe numfashi.
Gobe da asuba Dan Tani zai danna oda bakin titi,
takalmin nan kuwa ba zai bushe ba kafin lokacin.