Kundin Masu Masaƙa

Kawuna Mutari baduku ne a Birni,
jakarsa ta je Agadas, ta je Kano, shi bai je ba.
Ya ce, "Barira, ke da kika yi jami'a,
buɗe mini rumfa a cikin waya."
Na ce to,
da bakin wadda ba ta taɓa zura zare a allura ba.

Na ɗauko masaƙar da ake saƙa shafi da ita,
na tsallake kundin da maƙeranta suka rubuta.
Ya yi tsawo. Kuma da Ingilishi yake,
ni ko Faransanci aka ɗura mini a lakwal.
Sai na bi bidiyo,
na tsinci layi nan, na yago layi can,
na harhaɗa kamar bargon tsumma.

Kwana tara shafin yana tsaye da ƙafarsa.
Ran na goma ya kife.
Wata a Maraɗi na son takalmi ƙafa shida,
maɓallin saye ya ƙi motsi,
jan rubutu ya cika allo kamar an yanka zakara.

Kawu bai yi faɗa ba.
Yana murza fatar akuya tsakanin yatsu ya ce,
"In fata ta yi mini gardama
ba na tambayar ɗan kallo.
Majema nake zuwa.
Wanda ya jeme ta shi ya san inda wuƙa ta zame."

Daren nan na sayi mega na jika guda,
na sauke kundin duka kafin kuran ya ɗauke.
Ya ko ɗauke.
Na zauna a tsakar gida,
duwatsun Birni na amayar da zafin da suka sha da rana.

Abin da na fara gani ya ba ni kunya:
ƴar lamba a kusurwar shafi.
Masaƙata bugu na biyar ce,
mai bidiyo da na biyu yake koyarwa.
Ashe mabuɗin tsohon gida nake ta murɗawa a sabuwar ƙofa.

Na koma darasin fari, wanda na raina,
na buga kowane layi da yatsuna,
ban kwafa ba,
don hannu na riƙe abin da ido ke zubarwa.
Akwatunan nan masu ruwan ɗorawa
da nake tsallakewa kamar kwata,
a cikinsu aka ce: wannan hanya an rufe ta, bi waccan.
Tun bara aka faɗa. Ni ce ban zo ba.

Sashen ƙamus kuwa ba tatsuniya ba ne
da za a bi daga gatanan har ƙurunƙus.
Kasuwar Dole ce:
ka san layin masu gishiri, ka san na masu igiya,
ka shiga, ka ɗauka, ka fita.

Na sami littafin awon kawu, rabinsa babu rubutu,
duk kalmar da ta cije ni na ba ta suna da Hausa.
Wasu sun karɓi sunan. Wasu har yau suna harara ta.

Kundin ma ba ya rasa gyambo.
Misalansa duk da dala ake ciniki,
ba su san tamu dalar ba ta sayen ko ashana.
Wannan ni na warware, da abin da suka koya mini.

Asuba, mai garuwa na buga ƙyaure,
maɓallin ya motsa.
Takalma sun hau mota ran Alhamis.

Saura babin tsaro, shafi arba'in da ɗaya.
Kawu ya leƙo ya ce, "An gama?"
Na ce, "Kai ka gama koyon fata?"
Ya yi dariya, ya koma kan basillarsa.