Mu Biyu Aka Ɗaure

Daren Laraba na kulle ta a Garin Malam,
farar taksi, fitilar hagu ɗaure da waya.
Da asuba sai sawun taya
da ɗigon baƙin mai a kan rairayi.

Kwana tara, jandarma suka tare ta a hanyar Magarya.
An sake mata lamba, an shafe ta da shuɗi,
amma carbina na nan rataye a madubi.

Mutari ne. Yaron gareji
mai hura mini taya in ba shi dala ashirin.

A kotu aka karanto:
sata cikin dare, makullin jabu, sauya lamba.
Kowace kalma da nauyinta, kamar awon gero.
Alƙali ya ce shekara huɗu, da tara,
da diyyar da zai biya ni.
Da me? Da silifas ɗinsa?
Uwarsa ta ja mayafi, ba ta dube ni ba.

Mota kuwa shaida ce, in ji su, sai an rufe takarda.
Wata bakwai tana harabarsu,
tayoyi sun sace,
kazar mai gadi ta yi ƙwai a kujerata.

Da ƙafa nake zuwa Kasuwar Dole yanzu.
Shi an faɗa masa ranar fita.
Ni ba wanda ya faɗa mini.

Jiya Zuwaira ta dama fura, ta ce in miƙa masa.
Na tsaya a ƙofar gidan kaso, kwano a hannu,
har ƙanƙarar ta narke.