Akwatin Ƙarfe

A Valparaíso, ƙarfe biyun dare,
Anselmo da Eulalia suka fasa shagon jingina.
Wata uku ba sa ga maciji,
amma akwatin ƙarfe ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

"Ɗaga ɓangarenka!"
"Shekara tara ni nake ɗagawa."

Mota ta ƙi tashi.
Suka tura ta gangare,
ta tafi abinta ba su ciki,
sai ƙararta suka ji a bakin teku.

Ɗan sanda ya zo wucewa yana cin burodi,
ya ga miji da mata suna cacar baki kan kaya,
ya ɗauka ƙaura ce,
har ya kama musu suka sauka matakala.

Da asuba, a rumfar kifin kawunta,
guduma ta yi aikinta.
Ba ko sisi. Rasit, haƙoran roba,
da zobe mai ɗan koren dutse.

"Kin ce ya faɗa teku."
"Kai ma ka ce ka daina caca."

Ita dariya ta fara ƙwace wa.
Jiniya na matsowa,
ya kamo hannunta,
zoben ya ƙi wuce gaɓar yatsa.